Kawu Ilu da Katangar da Ba a Gani

Duk wanda ya taɓa shiga motar Kawu Ilu ya san ƙofar gaba ba ta buɗuwa daga ciki sai ka ja wata 'yar jar waya da ke reto a gefen kujera. In ka yi ƙorafi, ya dube ka ta saman tabarau ya ce, "Ta buɗe ko ba ta buɗe ba?" Inna Larai kuwa ta ce tun da ta aure shi ba ta taɓa wanke rigarsa ta rasa guntun waya a aljihu ba. Mai gyara bai taɓa taka gidansa ba. Komai ya lalace, daga firiji har agogon bango, maganarsa ɗaya ce: "Ai mutum ne ya yi shi. Kai biyu gare shi?"

Ni ce Saudatu, 'yar ƙanwarsa. A hannunsa na zauna a Hyattsville, kusa da Washington, tun da na zo karatu, shi ne uwa shi ne uba. Ku da kuka san shi a sahun gaba da farin gemu da natsuwa, ku yi mini haƙuri. Kunyar da bawan Allahn nan ya jawo mini, in ban faɗa ba ba zan huce ba.

Kun san aikin lantarki ya yi a manyan gine-ginen gwamnati na Southwest Washington. Da ya yi ritaya, maimakon ya zauna ya huta kamar kowa, sai ya je can kudancin Maryland, inda sai ka gaji da ganin itatuwa kafin ka isa, ya sayi gona. Wai zai shuka yakuwa da kuɓewa, ya yi kiwon zabi da raguna. Tsohon Baturen da ya sayar masa zai koma gidan kula da tsofaffi, can kuma ba a karɓar dabba. Sai ya bar masa kare, wani ja mai manyan kunnuwa, wai shi Biskit.

"Ni?" in ji Kawu. "Da gemuna in tsaya a fili ina kiran biskit? Kwana biyu zai yi in san inda zan kai shi."

Kwana biyun nan ba su taɓa cika ba. Dila ta dami zabinsa, barewa ta dami yakuwarsa, karen nan ne ya kore su duka. Amma har ya koma ga Allah Kawu bai taɓa kama sunansa ba, kai ka ce ɗan fari ne. Sai dai "wancan". "An ba wancan ruwa?" "Ina wancan ya shiga?" In baƙi za su zo, ya kai shi bayan rumfar zabi ya ɗaure.

Abin ya tsaya masa a rai, har wata Juma'a ya ja Malam liman gefe bayan salla. Ina tsaye nesa kaɗan ina jiran ya mayar da ni gida, kunnena kuwa a buɗe.

"Allah gafarta Malam, wani abokina ne yake tambaya. Yana da gona, sai aka bar masa... wata dabba. Don gadi ne kawai."

"Kare?"

"To, haka dai ya ce."

Malam ya ce na gadin gona da na kiwo babu laifi, a dai kiyaye tsarki. Kawu ya yi godiya ya juya. Sai Malam ya kira shi a hankali. "Injiniya, ka gaya wa abokin naka ya riƙa kaɗe gashin daga wandonsa kafin ya fito."

Har muka isa gida ina danne dariya. Leɓena har ya yi ciwo don cizo.

To, wancan yana da hali guda: yawo. Maƙwabciyar Kawu wata tsohuwa ce, Mis Karol, mijinta ya rasu, tana kiwon agwagi, kuma a waje take shanya. Wata Asabar bayan azahar Kawu na zaune kan tabarma a ƙarƙashin bishiya yana jan carbi, ni ina kicin, sai na ji ya ƙwala kira.

"Saudatu! Zo ki ga wata fitina! A'a, kar ki gani. Zo dai ki ɗauke!"

Na fito a guje. Ga kare zaune yana kaɗa wutsiya, ga abin da ya kawo ya ajiye a bakin tabarmar: rigar mama ce, fara, ƙatuwa, har da maƙalin shanya a jiki. Kawu ya ɗaga kai sama yana kallon ganye kamar mai neman wata.

"Ki sa a leda. Ki kai mata. Ki ce iska ce."

"Kawu, iska mai haƙora? Dubi yadda ya huda ta."

"To ki ce ban gani ba."

Haka na tafi da ledar nan. Mis Karol ta yi dariya har da hawaye. Amma da ta gama, sai ta gaya mini, da murmushin nan nasu wanda ba wasa a cikinsa, cewa karen ya sha bin agwaginta, ya sha fita titi, kuma ran da ma'aikatan hukuma suka gan shi za su ɗauke shi, wataƙila ba zai dawo ba.

Da na kawo saƙo Kawu ya ce, "Su ɗauke mana! Ni ina ruwana?"

Washegari da sassafe ya kira kamfanin masu katangar ƙarƙashin ƙasa.

Ga wanda bai sani ba: waya ce ake binnewa a zagaye gona, a haɗa ta da wani ɗan akwati a gareji. Sai a ɗaura wa kare abin wuya mai batir. In ya kusanci wayar abin ya yi ƙara, in ya ƙi ji wuta ta ɗan ja shi. Ba katako, ba ƙarfe, ba abin da ido ke gani. Samari biyu suka zo daga kamfanin. Kawu ya zaunar da su, ya ba su shayi da ƙosai, ya yi ta tambaya: zurfin ramin, yadda ake juya kwana, yadda ake tsallake hanyar mota. Da ya tatse su tas, sai ya miƙe ya ce Allah ya yi musu albarka. Ni na raka su mota ina ba su haƙuri. Na dawo na ce, "Haba Kawu!"

"Haba me? Ai mutum ne ya yi shi."

Ya je ya sayo kayan da kansa. Injin yankan ƙasa kuwa ya ce ba zai yi haya ba, yana da fartanya tun daga Kano. Sai ya aika wa jama'a cewa akwai gashin rago a gona ran Lahadi. Wasunku na nan, kun tuna. Likitoci, malaman jami'a, masu tuƙin haya, kowa ya sha shadda da turare. Kawu ya tarye ku a ƙofa yana raba shebur da fartanya.

Wani likita ya ce, "Injiniya, ina ragon?"

"Ga shi can yana kallonku. Da kun kai kwanar can, kwanansa ya ƙare."

Wallahi a kicin na ɓuya ranar. Amma an yi gayya, an ci rago. Sai dai kafin a gama zagaye, wayar kamfani ta ƙare. Inna Larai ta ce a je a ƙaro. Kawu ya shiga gareji ya fito da buhu: guntayen wayar da ya tara tun kafin a haife ni, ja da baƙi da kore. Ya zauna ya yi ta ƙullawa yana naɗe su da salatif, fuskar nan tasa kamar ranar Salla. Sakamakon haka katangar ta zama mai ra'ayi. Nan ta yi aiki, can ta ƙi. Kare ya gano ƙofofinsa tun kafin Kawu ya gano.

Ana cikin wannan ne maganar aurena ta taso. Mahamadu, wanda zan aura, mutumin Maraɗi ne, kuma baffansa, Alhaji Isuhu, ɗan kasuwa a Takoma Park, shi zai jagoranci masu neman aure. Kawu ne waliyyina. Na ji labarin Alhaji Isuhu: dattijo ne mai duba asali, ya taɓa fasa wani aure don ya ga abin da bai gamshe shi ba a gidan yarinya. Na roƙi Kawu a yi abin a Hyattsville. Ya ce gona ta fi fili. Na ce to a ɓoye kare, a ɓoye buhun waya, don Allah don Annabi a yi rana ɗaya kamar mutane. Ya ce, "Ke kin ɗauke ni mahaukaci ne?"

An sa bayan la'asar. Kawu ya yi wanka tun da wuri, ya saka babbar riga mai ruwan sararin sama, ya kafa hula. Sai ya duba agogo ya ce akwai sauran lokaci, bari ya duba wani wuri ɗaya kusa da hanyar mota. Akwai 'yar fitilar gwaji da ta zo da kayan, amma Kawu ya ce fitila ba ta jin zafi, ina za ta san gaskiya? Kuma ai dole abin wuyan ya kasance daidai tsayin kare.

Ranar, don ƙaddara, babu cunkoso a hanya, baƙi suka iso da wuri.

Ina tsaye a tagar kicin ina yanka albasa sai na ga motoci biyu sun shigo a hankali. Na waiga gefe. Jama'a! Ga waliyyina a kan ciyawa, da hannu da gwiwa, ya tattare babbar riga ya ɗora a gadon baya, abin wuyan kare a wuyansa, yana rarrafe. Wancan na biye da shi a gefe, yana kallonsa cike da mamaki. Dattawa suka fito daga mota suka tsaya. Abin wuyan ya fara ƙara, tsit-tsit-tsit. Kawu ya ƙara taku ɗaya.

"Innalillahi!"

Ya yi sama, ya dawo, hula ta yi nata wuri. Kare ya ɗauko hular ya kawo masa.

Na zame na zauna a ƙasan kicin. Na ce shi ke nan, Saudatu, ki koma karatu. Inna Larai ta rufe fuska da gyale tana salati. Ta taga muka ji muryar Alhaji Isuhu, a natse kamar ba abin da ya faru.

"Salamu alaikum. Mai gidan shina nan?"

Sai Kawu, daga inda yake durƙushe, ya amsa, "Yana ciki. Bari in kira muku shi."

Ya tashi ya zagaya ta bayan gida, ya shigo ta kicin, ya tsallake ni ko kallo babu, ya sake hula, ya fita ta ƙofar gaba hannu a buɗe. "Maraba, maraba! Kun sha hanya! Yaushe kuka iso?" Riga dai ita ce, gwiwoyi shar da ciyawa, ga ɗigo biyu ja a wuya. Mutanen nan, Allah ya saka musu, babu wanda ya ko yi tari. Suka gaisa kamar yau suka fara ganinsa. Aka shiga, aka nema, aka bayar, aka yi addu'a.

Da suka tashi tafiya Kawu ya ce sai ya taka musu. Ashe abin wuyan a aljihu ya cusa shi. Suna tafe suna hira, suna isowa bakin hanyar mota, sai aljihun babbar riga ya ɗauka: tsit-tsit-tsit. Kawu ya daskare, ƙafa ɗaya a sama.

Alhaji Isuhu ya dafa kafaɗarsa. "Alhaji, iyakarka ke nan. Koma hakanan, kar kuran ɗin lantarki ya sake kama ka. Mun gode da rakiya."

Sai a lokacin dattawan nan suka fashe. Har wani ya riƙe mota don kar ya faɗi. Kawu ma, da ya ga ba mafita, ya bi su.

Kwana na yi ban yi masa magana ba, wayar Mahamadu ma na ƙi ɗauka don kunya. Da ya same ni, ya gaya mini abin da baffansa ya faɗa a mota: "Mutumin da ya ɗanɗana ma karenai wuta kahin ya sa mishi, babu mugunta gidanai. Ku riƙe ɗiyar nan da kyau." Kawu kuwa a ranar ya kashe jan wutar gaba ɗaya, ya bar ƙarar kawai. Ya kafa 'yan tutoci a kan layin wayar, ya yi ta zagayawa da wancan yana lallashinsa da kilishi har ya koya. Na tambaye shi dalili. Ya shafa wuya ya ce, "Batir yake ci."

A ciwonsa na ƙarshe, ranar da Malam ya zo dubiya asibiti da jama'a, Kawu ya yafito ni. Muryar ta riga ta yi ƙasa. Ya ce, "Wa aka bari da... na gona?"

Malam ya ji. Ya ce, "Wane ne a gona, Injiniya?"

Kawu ya lumshe ido. "Wani ma'aikacina ne. Ya daɗe da ni. Ba ya ƙorafi."

Malam ya dube ni, na sunkuyar da kai. Sai ya ɗaga hannu ya ce, "Allah ya saka masa da alheri. Allah ya haɗa shi da masu riƙe shi da amana." Ɗaki duka aka ce amin. Kawu ya fi kowa jan tasa, hawaye na gangara cikin gemunsa. Wancan kuwa mu muka riƙe shi, ni da Mahamadu. Yana nan, ya tsufa.

Allah ya jiƙan Kawu Ilu. Ya riƙe ni kamar 'yar cikinsa, bai taɓa bari na ji maraicin baƙunta ba. Ya Allah, yadda ya tausaya wa abin da ba shi da bakin godiya, Ka tausaya masa. Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka ba Inna Larai haƙuri. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.