Saniyar da ta haihu bayan na miƙa igiya

Har yau in shanun maƙwabcina Mamman sun gitta, kau da kai nake. Duk jikokin saniyata ne.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a na sayar mai da ita a kasuwar Shinkafi. Na sallama, na miƙa igiya, ya roƙi ta zauna garkena kafin ya kafa turke. Nan ta haifi tagwaye, duka mata.

Na kai ƙara. Alƙali ya ce, "Baba, da mutuwa ta yi a garkenka, wa ke da asara?"

Na ce, "Mamman mana, ai ya karɓi igiya."

Ya ce, "To ka yanke hukunci da bakinka."

Hukunci na bi, zuciya dai ta ƙi. Ku faɗi gaskiya, ko maraƙa guda bai kamata ya ba ni ba?