Motar da Mai Zare Ya Sauke

A shekara talatin da ɗaya da Mai Zare ya yi yana gyaran ƙafar mota, ba a taɓa dawo masa da aiki ba. Kowa a layin ya san haka, domin shi da kansa yake sanar da kowa, wani lokacin sau biyu a zama ɗaya. Akwai dai wata tasi da ta dawo sau huɗu, amma ya yi bayanin cewa kowane zuwa da ciwon taya dabam ta zo, kuma mota taya huɗu gare ta.

Sunan ya samo asali ne daga yadda yake aiki. Sauran masu saita taya duk sun koma na'ura mai fitilu da allon kwamfuta. Shi kuwa kayan aikinsa farin zare ne irin na magina, da gwangwanin fenti huɗu cike da siminti, kowanne da ƙarfe a tsaye, sai tef na awo da lambobinsa suka soma gogewa. Zai ja zare ta kowane gefen mota, ya durƙusa, ya rufe ido ɗaya, ya auna gaban taya da bayanta, ya yi tsaki, ya shige ƙarƙashi da sifana. Daɓen garejin da hannunsa ya zuba shi, ya kwana tara yana daidaita shi da tiyo cike da ruwa, har ta kai idan aka ajiye ƙwallo a tsakiya sai ta rasa inda za ta nufa.

Garejin a gaban gidansa yake, ƙofa ɗaya ce ta raba shi da tsakar gida. Wata shekara aka yi ruwa mai ƙarfi, kwatar layin ta cika, ruwa ya shigo ta gareji ba sallama, ya zarce ɗakin matarsa, ya jiƙa katifa, ya bar keken ɗinkinta da tsatsar da har yau ba ta yafe ba. Washegari ta tsaya a kansa ya gina tudun siminti a bakin ƙofar garejin. Duk lokacin da ya ɗago ya ce ya isa, sai ta ce a ƙara. Tudun ya tashi kamar doron raƙumi, da gangara ciki da waje, ruwa bai sake shiga ba. Shekara goma sha biyu ke nan yana tsallake shi sau ashirin a wuni, har idonsa ya daina ganinsa.

Duk tsawon rayuwarsa abu ɗaya masu mota ke roƙo: a ɗaga musu ita, ramuka sun yi yawa. Sai ran nan ƙanin matarsa, autan gidansu, wanda ya girma ya zama likitan haƙori ba tare da ya nemi shawarar kowa ba, ya shigo da wata jar mota mai ƙofa biyu, irin ta tsere, tana gurnani kamar an taka mata wutsiya. Kowa launin yake kallo, ba wanda ya duba ƙasa ya ga cewa da ƙyar cikinta ya haye tudun.

"Mijin Yaya, so nake a sauke ta," in ji Auta, yana dire kwali.

"A sauke ta ina? Ai ga ta nan a ƙasa."

"A ƙara. Inci biyu. Ta fi kama titi a kwana, ta fi kyau a hoto."

Mai Zare ya buɗe kwalin. Sifirin ne, murɗaɗɗun ƙarafan nan da mota ke zama a kansu, guda huɗu shuɗaye, gajeru, masu kauri, da wasu notika masu tozo a gefe ɗaya waɗanda ake juyawa a gyara karkatar taya. Ya ɗaga ɗaya ya jinjina, ya sunsuna, domin shi ko ƙarfe sai ya sunsuna.

"Ka san in an sauke mota ƙafafunta gwame suke yi? Saman taya ya shige ciki, ta riƙa cin roba ta gefe guda. Sai an sake saita komai."

"Shi ya sa abokaina suka ce in kai wajen masu kwamfuta. Wai wannan motar ta fi ƙarfin zare. Ni dai na ce bari in fara zuwa gida, kada Yaya ta ce na raina mata tsoho."

Da Auta bai faɗi haka ba, wataƙila da Mai Zare ya zauna ya yi tunani kamar yadda ya saba. Amma an taɓa zare. Nan take ya sa jak, ya ce a dawo jibi, kuma in motar ta ja gefe ko da faɗin gashi ne, zai ƙona zarensa a tsakiyar layi kowa yana gani.

Kwana biyu ya yi a kanta. Ya cire tayu, ya kwance shokozoba ɗaya bayan ɗaya, ya matse tsofaffin sifirin da maƙata yana addu'a. Sifirin ne kaɗai abin da yake tsoro a duniya bayan matarsa. A shekararsa ta farko wani ya kufce masa ya fita ta rufi, facin kwanon yana nan har yanzu, yana nuna wa baƙi kamar takardar shaida. Ya zaunar da sababbin a mazauninsu, ya sa notikan tozo, ya sauke motar daga jak, ya tura ta gaba da baya a kan daɓe har ta zauna daidai. Ta kwanta kamar kyanwa tana haƙon ɓera. Shi kansa sai da ya ja baya ya ce ba laifi, wanda a bakinsa babban yabo ne.

Rana ta uku Auta ya zo da sassafe, Mai Zare ya nuna masa kujerar direba.

"Shiga ka zauna. Da nauyinka a ciki ake saitawa, tunda ba ita kaɗai za ta riƙa yawo ba. Riƙe sitiyari a miƙe, kada ka motsa."

"Har yaushe?"

"Yanzun nan za a gama, ba zafi. Ba haka kuke ce mana ba in kun kwantar da mu?"

Awa biyu da rabi likita yana zaune kamar gunki. Da ya yi atishawa aka sake awon tayar gaba daga farko. Yayarsa ta leƙo daga tsakar gida da kofin shayi, ta ga ba shi da izinin karɓa, ta tsaya a gabansa ta shanye. A ƙarshe Mai Zare ya fito daga ƙarƙashi, ya kira su duka su duba tef. Hagu da dama lamba ɗaya, gaba da baya lamba ɗaya. Ya naɗe zarensa a hankali, ya sa a aljihun gaba.

"Je ka gaya wa kwamfuta ina gaishe ta."

Auta ya tayar da mota, maƙwabta suka fito jin gurnani. Ya sa ribas, tayun baya suka hau tudun lafiya, suka soma gangarawa. Sai aka ji ƙarar ƙarfe a kan siminti, doguwa, mai shiga haƙori. Likita ya taka birki ya yi ihun da marasa lafiyarsa suka saba yi.

Mai Zare ya durƙusa ya leƙa. Cikin motar ya zauna daram a kan tudun. Ya daɗe yana kallon simintin kamar yau aka gabatar masa da shi. Ya auna komai na motar nan har faɗin gashi, bai auna ƙofarsa ba.

Aka turo ta ciki. Aka kawo katakai aka shimfiɗa, amma daga tudun zuwa kwata gangarar ta yi tsaye, cikin ya sake taɓawa. Aka ƙara wa tayu iska har suka yi kamar za su yi magana, aka fitar da Auta aka tura ta babu kowa, aka gwada ta a karkace, ƙofar ta ƙi ba da fili. Kullum saura faɗin yatsa ɗaya.

"A fasa tudun mana," in ji Auta.

"A fasa me?" Yayarsa ta ajiye kofi. "Damina ta kusa, ga hadari kullum. Duk wanda ya ɗaga guduma a kan tudun nan, a cikin motar zai riƙa kwana. Baban yara, ka mayar masa da tsofaffin ƙarafansa ya tafi."

"Ni in kwance aikin da na ɗaure? Shekara talatin da ɗaya ban taɓa ba. Aikina ba shi da aibu, ga tef."

"To ka fitar da ita da tsofaffin, ka sa sababbin a waje," in ji matarsa.

"In saita ta a kan titin da ko akuya a karkace take tsayawa? Daɓe mai kyau ɗaya ne a garin nan, kuma yana ciki."

Auta ma ya ce ko an yarda shi bai yarda a ɗaga ta ba, ya riga ya tura wa abokansa hoto. Aka tashi taro a kan cewa za a fasa tudun idan ruwa ya ɗauke, a sake gina shi kafin ya dawo, kuma kowa ya tafi yana ganin shi ya yi nasara.

Tun daga ranar, duk ƙarshen mako Auta yana zuwa da tsumma da man goge mota. Ya wanke ta, ya shiga, ya tayar, ya yi taku uku baya, ya yi taku uku gaba. Mai Zare yana tsayawa a gefe ya rufe ido ɗaya, ya tabbatar masa cewa ba ta ja ko'ina. Yayar ta gano cewa bayan motar ya dace da shanya ƙananan kaya. Sauran motoci kuwa a rabin garejin ake lallaɓa su, masu su suna tambayar jar motar nan ta waye, Mai Zare kuma yana amsawa da cewa aikinsa ne, su duba da kyau, har yau mai ita bai dawo da ita ba.

Damina ta bana ta yi tsawo. Wata na huɗu ke nan motar tana ciki.