Motar Farko Ranar Talata

Duk tashar Maradun da ke Talata Mafara babu wanda bai san Nasidi ba, direban nan mai jar Golf da ake wa laƙabi da Sarkin Tsoro. Shi kuwa ko a jikinsa. Da can, lokacin da hanya take hanya, daga sallar asuba yake kan sitiyari har bayan isha'i, kwana bakwai na mako, Juma'a kaɗai yake ɗan sararawa. Yanzu fa? Aikin mako duk ya tsuke tsakanin hantsi da la'asar. Ba mai fita sai rana ta ɗaga, ba mai yarda la'asar ta same shi a daji, ranar da aka ji ƙishin-ƙishin ɗin 'yan bindiga kuwa sai a wuni a gindin darbejiya ana kallon motoci.

Direbobin suna da tsarinsu. Kullum akwai mai buɗe hanya, bi da bi, kuma duk wanda ka haɗu da shi yana tahowa zai ɗaga maka hannu idan gaba lafiya. Nasidi ya fi yarda da wannan hannun fiye da waya, don wayar ba kullum take shiga ba.

Wata Talata layi ya zo kansa. A kujerar gaba ya zaunar da Gwaggo Saude, ƙanwar mahaifinsa da ta raine shi, tana rungume da ƙullin kanwa da kayan yaji, za ta Maradun wurin ɗiyarta da ta haihu. Sun yi nisa sai ya lura shi kaɗai ne a kan titi. Ranar kasuwar Mafara ce, ranar da ya kamata titi ya cika da babura masu buhuna da motocin awaki, amma ko keke bai gamu da shi ba. Ya taka birki, ya juya mota.

Kai, ranar ya sha surutu wurin fasinjoji! Wani ya ce matsoraci ne, wani ya ce ai mutane sun makara ne kawai.

"Gwaggo, yau Talata ta," in ji shi. "Ina mutanen kasuwa?"

Ta ce masa rai na hannun Allah, kuma mai jego tana can ba kowa kusa da ita.

Da suka koma tasha aka yi ta yi masa dariya. Sharhabilu, wanda ke bin sa a layi, ya kwashe fasinjojin. Nasidi ya durƙusa har ƙasa yana roƙon Gwaggo ta bari sai gobe. Ta dafa kansa, ta ce tun yana yaro haka yake, inuwarsa ma tsoronta yake ji, ta shige motar Sharhabilu.

Azahar ta yi, babu motar da ta shigo daga Maradun. Nasidi ya kira Sharhabilu a waya har ya gaji. Cikin masu dariyar ɗazu ba mai iya haɗa ido da shi. Da aka kira la'asar kowa ya kulle motarsa, shi kuwa ya tayar da tasa. Direbobin suka riƙe ƙofa suna haɗa shi da Allah, ya fizge. Tsoro bai sake shi ba ko kaɗan, amma ya kama hanyar Maradun.

Gaba kaɗan da inda ya juya da safe ya tarar da motar Sharhabilu a gefen titi, ƙofofi duk a buɗe, babu kowa. Sawun babura ya nufi daji. Ƙullin kanwar na nan a kujerar gaba. Ya ɗauka ya rungume, ya tsaya tsakiyar titi yana kwaɗa wa Gwaggo kira.