Gangar Mode a Ɗakin Inna Fatsuma

Mainasara mai gyaran rediyo ya rasu ran Talata, da albasa ta fara kai a fadamar Goronyo. Shekara arba'in da ɗoriya muna tare. Ni Attahiru, ban yi karatu mai zurfi ba, amma na ga bai kamata ya tafi ba tare da wani ya rubuta ko shafi ɗaya a kansa ba.

Ubansa, marigayi Mode, makaɗin gangar noma ne. Kafin a gina madatsar ruwa, duk gayyar da za a yi daga nan har Tursa shi ake kira. Da injin ban ruwa ya shigo, gayya ta ja baya, ganga ta koma rataye a zaure har gara ta cinye ta. Mainasara bai gaji kiɗa ba. Ya gaji kunne. Rediyo na magana daga nesa zai ce maka ga abin da ke damun ta, kuma in ya buɗe haka ne.

Abu ɗaya ya rage na Mode: kaset da wani ma'aikacin madatsa ya ɗauka a wata gayya. Mainasara ya juye shi a waya, ya kai wa mahaifiyarsa, Inna Fatsuma, wadda kunnenta ya fara nauyi. Ta saurara, ta ture wayar.

"Wagga ba gangatai ta ba. Wani yaro na ka bugun gwangwani."

Maganar ta zauna masa. Inna ta haura tamanin, ƙarfinta kullum raguwa yake, shi kuma ya ƙudura sai ta ji gangar mijinta kafin ta bar duniya.

Ya fara da abin da kowa zai yi, ya haɗa lasifika babba ya ƙure murya. Kiɗan ya dagule, muryar mawaƙa da ganga suka cakuɗe kamar ruwan kwata. Daga baya ya samo wani ɗan akwati a Sakkwato, a hannun masu haya da kayan sauti, mai ƙaramin gilashi da lambobi ke fitowa a jiki. Na tambaye shi mi ne amfaninsa.

"Kai da ka yi shekara goma kana buɗe ƙohwar ruwa a madatsa, kai ka tambaya ta? Rabo shika yi. Sauti ya zo gaba ɗaya, shi raba shi tun bai kai ga amfilifaya ba, injin ƙara ƙarhin murya. Mai kauri shi bi hanya tai zuwa babbar lasifika, siriri shi tahi ƙananan. Kowane da injin da ka tura shi."

Na ce to mai rabon ruwa ke nan. Ya ce, "Yau dai kanka ya yi aiki." Sunan ya bi akwatin.

Wata biyu yana fama. Sai ya rufe shago bayan Azahar ya zauna yana matsa lamba, yana neman iyakar da zai yanka tsakanin sauti mai kauri da siriri. Ya sa tamanin kamar yadda masu kayan suka gaya masa, ganga ta fito rabi. Ya hau ɗari, ya hau ɗari da ashirin, ya dawo. Akwatin babbar lasifikar ma da hannunsa ya ƙera, da katako mai kauri, ya cusa audugar tsohuwar katifa a ciki. In na yi masa tsiya cewa ya bar rediyon mutane na ƙura, sai ya ce, "Su jira. Su suna da lokaci."

Ranar da ya gamsu, bayan La'asar, muka ɗauki kayan zuwa gida. Muka jera su a tsakar gida, ya ɗora babbar lasifikar a kan tebur don ta yi daidai da kunnen Inna. Ya kawo kujera mai katifa, ya sa mata matashi ƙarƙashin ƙafa. Ya kunna. Ni dai na ji ganga, har tsikar jikina ta tashi. Amma Inna ta girgiza kai.

"Ta yi kusa. Amma ba ita ta ba."

Ban taɓa ganin fuskar abokina ta faɗi haka ba. Ya durƙusa gabanta. "Inna, mi ya rage?"

"Kai ɗan makaɗi, ni za ka tambaya? Wa ya ce maka da kunne aka jin gangan noma? Mai noma na duƙe, kainai ƙasa. Ta ƙahwa taka shigowa. Kun aza ni bisa katihwa kamar amarya, kun aza ganga bisa tebur kamar rediyo."

Muka dubi juna. Girmamawar da muka yi mata ita ta raba ta da abin da muka kawo.

Muka kwashi kayan zuwa ɗakinta na ƙasa. Ya ajiye babbar lasifikar a kan daɓe, can cikin lungu inda bango biyu suka haɗu, ya rage lambar kaɗan don lungun ya ƙara mata kauri. Aka naɗe tabarma. Inna ta tuɓe takalmi ta tsaya, hannunta ɗaya a kafaɗata. Ya kunna.

Ruwan randa ya fara rawa. Na ji yatsunta sun matse ni. Da kiɗan ya yi nisa, sai ta ɗaga hannu.

"Tsaya. Mai da baya kaɗan."

Ya mayar. A wurin, ganga ta yi ɗan tuntuɓe, bugu ɗaya ya makara. Mu da muka saurari kaset ɗin sau ɗari ba mu taɓa lura ba.

Inna ta yi dariya, hawaye na zuba. "Nan ne babanka ya hango ni tahe da hura. Kullum sai ya ɓata hannu."

Mainasara ya juya ya fuskanci bango, kafaɗunsa na motsi. Ta ce, "Bari kuka, sake sa min."

Ya sa mata sau huɗu a ranar. Allah Ya ji ƙan ka, abokina, Ya sa ka iske babanka cikin rahama.