Katakon da Muka Sa a Kicin

Gidanmu na Hyattsville, a Amurka, tsoho ne, ya kusa shekara ɗari. Da famfon kicin ya yi ta yoyo har katakon ƙasa ya ruɓe, muka ce tunda za a fasa, a mayar da kicin ɗin yadda masu gidan na farko suka san shi: fararen kabad masu ƙofar gilashi, da babban wurin wanke-wanke a gindin taga. Ni da maigidana ba mu yi musu a kan komai ba sai da aka zo kan abin da za a shimfiɗa a saman kantar kicin, wato dogon teburin da ake aikin girki a kai.

Shi marmara yake so, fari mai jijiyoyi ruwan toka. Ya ce gidajen wancan zamani da shi aka san su. Ni kuma na kafe a kan katako. Na ce manja zai ɓata marmara, zoɓo zai rina shi, lemon tsami zai cinye masa ƙyalli. Duk gaskiya ne, amma ba su ne dalilina ba.

Tun da ya yi ritaya daga aikin haɗa magunguna na lura hannunsa na dama yana rawa. In ya ɗauki kofin shayi sai ya tallafe shi da hagu, ya juya mini baya. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na ga irin wannan rawar a asibiti, na kuma ga inda takan kai wasu. Na tsinci fasassun kofunan tangaran a kwandon shara, an naɗe su a jarida. Bai faɗa ba, ban tambaya ba. Abin da nake gani kawai shi ne, in kofi ya kuɓuce a kan dutse sai ya tarwatse, a kan katako kuwa sau da yawa mirginawa yake yi.

Wata Asabar muka je wurin masu sayar da duwatsun, wani ƙaton sito mai sanyi, an jingine fala-falan duwatsu jere-jere, kowanne ya fi ni tsawo. Ya tsaya gaban marmaran da yake so yana shafa shi da hannun hagu, na daman yana aljihu.

"Hajiya, dubi wannan don Allah. Ki ce bai yi kyau ba."

"Ya yi kyau, Alhaji. Amma ba kai za ka riƙa goge shi ba."

"Ke dai kin ƙi shi ne kawai. Tun da muka fara aikin nan ban ga abin da kika yi wa taurin kai irin wannan ba."

Ma'aikaciyar wurin da ke zagayawa da mu ba ta jin Hausa, amma ta gane, ta ja gefe tana duba wayarta. Muka fito ba mu zaɓi komai ba.

A mota ya sa makulli bai tayar ba. Ya fito da hannun daman daga aljihu ya ɗora a kan sitiyari. Muka zuba masa ido yana karkarwa.

"Saboda wannan ne, ko?"

Na ce, "Saboda shi ne."

"Na je wajen likitan jijiyoyi. Har hoton kai aka yi mini. Ba abin da kike tsoro ba ne. Rawar hannu ce ta gado, irin ta mahaifina. Kin tuna shi, da ita ya tsufa, yana zuwa gona har ƙarshe. An ba ni magani."

Hawaye suka zo, faɗa ya biyo baya. Na ce don me zai tafi shi kaɗai, yana da matar da aikinta ke nan? Ya ce so ya yi ya ji sakamakon tukuna, in mummuna ne ya san yadda zai faɗa mini. Na ce in mai kyau ne fa? Ya ce to ai ga shi yana faɗa.

Ba mu koma cikin sito ba. Muka wuce shagon kayan miya, muka sayi kuɓewa da attaruhu, muka tafi gida.

Daga baya, da hankali ya kwanta, zaɓin bai ɗauke mu dogon lokaci ba. Muka sa katako mai kauri a dogon ɓangaren da yake haɗa shayinsa, wanda ake shafa wa mai lokaci-lokaci. Kusa da murhu da wurin wanke-wanke muka sa wani baƙin dutse marar ƙyalli, mai santsi, wanda tukunya mai zafi ba ta yi masa komai. Kafintan da ya yi mana aikin ya ce shi ma tsofaffin gidaje sun san shi. Ashe Alhaji bai damu da marmaran can-can ba, ya ce taurin kaina ne ya sa shi ma ya kafe.

Ranar da aka gama, 'yarmu ta zo daga garin Germantown tare da jikokinmu. Ba a mayar da kujeru ba tukuna, sai muka ci shinkafa da miya a tsaye, kowa ya ɗora farantinsa a sabuwar kanta. Ƙaramar jikar ta ɗiga miya a katakon, uwarta ta zaburo da tsumma tana yi mata faɗa da Turanci. Na ce ta ƙyale yarinya ta ci abincinta, a goge in an gama.