Ledar da ta shiga tsakanin Inna da ƙanwarta

Ran kasuwar Bonkuku wani mai magani yakan shimfiɗa tabarma kusa da masu gishiri, da wata 'yar baƙar leda mai tsawon yatsa. Sai ya manna wa mutum a goshi, ta rikiɗe ta koma koriya, shi kuma ya girgiza kai. Innata tana fama da jiri tun bayan girbi. Da ya manna mata, cewa ya yi an ba ta sammu a abinci, kuma hannun na gida ne.

Mutum ɗaya ke aiko wa Inna fura, ƙanwarta. Inna ta riƙa zubarwa a bayan danga, har wata rana ta faɗa mata dalili a gaban mutane. Ƙanwar ta ɗauke ƙafa.

Ina koyarwa a Filinge lokacin. Da na ba maƙwabciyata ma'aikaciyar asibiti labarin, ta ce ai ledar awon zazzaɓi ce. Akwai wani sinadari a cikinta, shi ba ruwa ba, shi ba daskararre ba, ɗumi kawai yake ji ya sauya launi. Ta ba ni guda. Zuciyata ta tafasa. Ban kai ƙara ba, so nake mai maganin ya kunyata a inda yake cin abinci.

Na bari kasuwa ta cika, na zo da Inna. Na manna ledata cikin kunnen jakin mai gishiri, ta yi kore. Kafin mai maganin ya ankara na danna masa ita a goshi, mai gumi kuwa, ta yi kore shar.

"Malam," na ce, "kai da jakin ga, wa ab ba ku sammu?"

Kasuwa ta ɗauki ihu. Ya naɗe tabarma kwalabe na zuba, mata na bin sa da guɗa. Na ji daɗi har cikin raina, kuma da zai dawo gobe zan sake.

Inna ba ta yi dariya ba. A hanya ta ce, "Ɗiyata, mi za ni ce mata?"

Muka wuce gidan ƙanwar. Ta amsa sallama, ta shimfiɗa mana tabarma, ta ɗebo ruwa a randa. Sai ta tsaya, ta kurɓa a gaban idon yayarta, sannan ta miƙa mata. Sun shirya, suna zumunci, amma har yau ba ta ba Inna ko ruwa sai ta fara ɗanɗanawa. Wannan kurɓar ce ban yafe wa mutumin nan ba.