Tatsuniyar da Iya Ta Yi Saboda Duna

A Sharada na tashi, a wani gidan haya da ke jingine da katangar masaƙar da Babana yake aiki. Ruwan kwatar unguwarmu yau ja ne, gobe shuɗi, gwargwadon rinin da aka zubar. Wutar lantarki kuwa ta injinan kamfani ce, mu sai dai mu ji ƙugi. Saboda haka bayan isha'i bakin murhun kakata muke taruwa, ni da ƙannena biyu, tana dafa waken da za ta kai ƙofar kamfani da safe, tana yi mana tatsuniya.

Iya muke ce mata. Ita ta haifi Baba, shi ne ɗanta na fari, kuma ita irin matan zamanin da ce masu kunyar ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta kallon idonsa, ba ta zama inda yake zaune. In ta kama dole sai ta ce, "Hajara, gaya wa wancan abinci na sanyi," alhali ga shi nan taku uku tsakaninsu. Muna yara abin dariya yake ba mu. Yanzu kam ba ya ba ni.

Akwai wani baƙin kare da ya maƙale mana. Ba wanda ya kawo shi. Iya ce ta zuba masa ƙanzo a fasasshen kasko rana ɗaya, shi ke nan ya tare a bakin zaure, ta sa masa suna Duna. Ba ta taɓa shafa shi ba, in ya matso ma cewa take, "Kai, tafi can, ina da alwala!" Amma ba ta taɓa kwana ba ta cika kaskon nan ba. Duna ya san mutane. Mai ga-ruwa da ke yi masa fito, da Buzun da ke gadin kamfani yana jefa masa ɓawon burodi, tun daga nesa yake kaɗa musu jela. Ni kuwa har ƙofar Islamiyya yake raka ni, ya kwanta a inuwa sai an tashi.

Wata Laraba ogan su Baba ya zo ƙofar gida nemansa. Na fito da bokitin wanke-wanke, ban gan shi ba, na watsa ruwan ya sauka a takalminsa. Mutumin nan ya shaƙo wuyan rigata ya ɗaga hannu. Marin bai sauka ba. Duna ya yi tsalle ya cafki ƙafar wandonsa, ya keta shi har gwiwa. Ko ƙwarzane bai yi masa ba, wallahi, ina wurin. Amma ya tafi yana cewa zai ga wanda ya fi daraja a gidan, karen ko aikin.

Da yamma Baba ya ce wa Umma, mahaifiyata, ranar Asabar masu sayen karnukan nan da ke yawo da keji a bayan keke za su zo su ɗauke shi. Kowa ya san inda suke kai su. Na yi kuka har na shiɗe. Na je na kama zanin Iya na ce ta yi masa magana, ai ɗanta ne, in ta ce a bari an bari.

"Ke, rufa min asiri," ta ce. "Ni in tsaya gaban wancan ina roƙo? Bari dai dare ya yi."

Daren Juma'a Baba yana ɗakinsa, ya dawo daga aiki ya kwanta, ƙofarsa labule ne kawai. Iya ta ja kujerarta ta matsa kusa da labulen, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta iza wuta, ta ɗaga murya fiye da kullum.

"Ga ta nan ta iso, ku ba ta wuri."

Muka ce ta zauna mu ji ta.

Wai wani manomi ne yake da kare mai fara'a, kowa ya zo da zuciya ɗaya sai ya tarye shi da rawar jela. Ran nan kura ta ari riga da rawani, ta zo ta yi sallama kamar baƙon kirki, idonta na kan jaririn gidan. Kare ya shinshina, ya far mata, ya yage rigar. Manomi ya ji kunya an wulaƙanta masa baƙo, ya ɗaure kare da igiya, ya kai shi daji ya ɗaure a jikin itacen kuka. Da dare kura ta dawo ba riga. Daga can daji kare ya jiyo kukan jariri, ya ci igiya har haƙoransa suka yi jini, ya sheƙo a guje. Da gari ya waye manomi ya buɗe ƙofa, ga jariri yana barci, ga kura ta gudu, ga kare a kwance a bakin ƙofa ba rai.

Nan Iya ta juya fuskarta wajen labulen. "Wanda ya tsare maka ɗa, ko dabba ne, ba a saka masa da igiya. Ni dai na faɗa, mai kunne ya ji." Labulen bai motsa ba.

Da hantsi masu keji suka zo. Ɗayansu ya durƙusa yana fito, yana murmushi, yana miƙa ƙashi. Abin da har yau yake ci min rai ke nan: Duna ya tafi wurinsa da kansa, yana kaɗa jela.

Daga ranar Iya ba ta ƙara yi mana tatsuniya ba. In mun roƙa sai ta ce bakinta ya gaji. Sau ɗaya na ji tana ce wa Umma, "Na yi wa wancan magana a gaban 'ya'yansa, ya mai da ni iska." Da wannan ta zauna shekara shida, da shi kuma ta rasu.

Na daɗe ina ɗauka darasin tatsuniyar nan a kan butulci ne, kuma na daɗe ina jin haushin Baba. Sai bara, da na kai shi asibiti a duba masa kunne, muna zaune a layi na tuna masa Duna da abin da Iya ta faɗa a bakin labule. Sai da na maimaita sau uku da ƙarfi. Ya ce ƙarar injin saƙa ta cinye masa kunne tun kafin a yaye ni, ɓoyewa yake yi kada a sallame shi. Bakin mutum yake kallo ya gane magana, ita kuwa Iya ba ta taɓa yarda ya ga fuskarta ba.

Sannan ya kamo hannuna ya ce, "Hajara, dube ni sosai, ki faɗa a hankali. Me ta ce in yi?"